Ruwan Subhi da Maƙogwaron Tahsin

Yayana Subhi bai iya zama ba. Tun muna yara a unguwarmu Jabal Jofa haka yake. Abinci ma a tsaye yake ci, burodi a hannu ɗaya, ɗayan yana murɗa wani abin da ba wanda ya ce masa ya lalace. Idan ya je gaisuwar mutuwa, kafin a zagayo da gahawa ya sulale ya shige banɗakin mutane yana duba musu famfo. Wallahi na sha jin kunya a kansa. Amma daga masallacin ƙasa har kan tudu da wuya ka sami gidan da hannunsa bai taɓa bututunsa ba, kuma kowa Abu Ra'id mai famfo yake ce masa, har yaran da ba su san ɗansa Ra'id ɗin ba.

Wajen wani tsoho a cikin gari ya koyi aikin, ya je Kuwaiti ya yi 'yan shekaru, zafi ya koro shi. Idan ana neman inda ruwa ke yoyo a cikin bango, ba ya fasa ko'ina sai ya saurara. Ya kafa bakin sukuddireba a jikin bango, ya ɗora kunnensa a ƙota, ya daka wa masu gidan tsawa su yi shiru, ko da kuwa gidan alƙali ne. Matarsa ta rasu, mijina ma ya rasu, Ra'id ya tafi Jamus, sai na dawo gidanmu na gado na zauna da shi a hawan ƙasa. A sama kuma akwai ɗaya yayan nawa, Tahsin, Abu Murad, wato baban Murad, da matarsa Widad. Matakala ɗaya muke bi, amma su biyun nan sun fi shekara goma ba su ce wa juna ko sannu ba.

A kan itacen lemun tsami ne. Ummanmu ce ta dasa shi a tsakar gida da hannunta. Bayan rasuwarta magudanar gidan ta toshe, Subhi ya haƙa rami zai sa sabon bututu, kuma da yake shi ba ya iya kewaye abu, sai ya bi ta cikin saiwar itacen ya datse. Tahsin ya dawo daga shagonsa ya tarar. Ina nan tsaye, Widad na kan matakala, Subhi kuma yana can cikin rami injin fasa siminti yana ruri a hannunsa. Tahsin ya tsaya a bakin ramin ya ce:

"Kai da ruwanka! Idan ruwanka ya sake wuce maƙogwarona, Widad ta saku, saki uku!"

Mazanmu ke nan. Faɗa da ɗan'uwansa yake yi, amma auren baiwar Allah ya ɗauko ya jefa a rami. Kuma Tahsin ba irin waɗanda ke rantsewa da safe su manta da azahar ba ne. Mutum ne da idan ya ce ba zai sake bin wani titi ba, to ko asibiti ne a titin sai dai ya mutu a gida. Washegari ya aiko ni in ce wa Subhi ya raba musu ruwa, kowa da mitarsa, kowa da tankinsa. Subhi ya raba. Lemun ya bushe kafin kaka. Rantsuwar kuwa ba wanda ya sake ambatonta, don abin kunya ce, ni kuma na ɗauka Subhi ya ji da kunnensa.

Ruwanmu ranar Talata yake zuwa, abin da ka tara shi za ka lallaɓa har wata Talatar. Mu a ƙasa muna da rijiyar siminti a tsakar gida da injin da ke tura ruwa zuwa tankinmu a saman bene. Tahsin ba shi da ko ɗaya, sai abin da ruwan gwamnati ya iya hawa da ƙarfin kansa, kuma da bazara ruwan nan kafin ya hau tudunmu ya gaji. Ya kamata a ce mu ne masu wadata. Ina! Ran Asabar famfonmu ya fara tari, ran Lahadi ga ni da bokiti a ƙofar maƙwabta.

"Hiyam, gidan mai famfo ne kuwa?" in ji matan unguwa. "Ko mu nemo muku mai gyara?"

In dawo in sauke masa. "Yaya, kana sauraron bangon duniya, namu ne ba ka da kunnensa? Ina ruwanmu yake tafiya?"

"Ke ce mai ɓarna," in ji shi, yana neman hularsa. "Kina wanke shinkafa kamar mai wankan gawa."

Kafin in ba shi amsa ya fice.

Widad kuma tata sarautar daban. Ta ce wai ruwan tanki yana ɓata mata ciki, sai na shagon tace ruwa, irin na manyan jarkokin nan shuɗɗa. Kullum za ka gan ta a matakala da jarka a rungume, ta hau kaɗan ta huta, ta hau kaɗan ta huta. Tahsin yana ta mita wai iyayi ne, wanda ya ƙirƙiro wa kansa aiki shi zai yi abinsa, bai taɓa kama mata ba. Ɗansu Murad yana taimaka mata kafin ya yi aure ya koma garin Zarƙa. Ni ma na tsokane ta iya tsokana. "Sannu 'yar gayu, cikin sarauniya!" Sai ta yi murmushi ta gyara riƙo ta wuce.

Bazarar bana Subhi ya faɗo daga tsani a wani gidan burodi, ƙafa ta karye, aka yi masa ɗori aka ce ya kwanta. Subhi ya kwanta! Da ɗaurin ƙafar da ɗaurin kurkuku duk ɗaya ne a wajensa. Ya kwance rediyo ya mayar. Ya kwance agogon bango ya kasa mayarwa. Ya sa na jera masa kayan aikinsa a gefen katifa, yana gogewa yana ƙwanƙwasa sifana a ƙasa har kaina ya yi kamar zai tsage. Ko maƙwabci ya buɗe famfo sai ya ce, "Ji can, robarsa ta cinye, je ki gaya masa."

Wata Litinin da la'asar na haɗu da Widad a matakala, ta ce mini tankinsu ya yi tsatsa, Tahsin ya sayi sabo, gobe da sassafe zai ɗauko Abu Shadi ya canza kafin ruwa ya zo. Abu Shadi mai gyara ne daga unguwar Wihdat, Subhi ba ya ko son jin sunansa. Na shigo da labarin da zafinsa don in ɗan rama ciwon kan da yake sa ni.

"Albishirinka, Yaya. Gobe Abu Shadi zai hau benen gidan ubanka da sifana. Zai ɗaga tankin Tahsin."

Na zaci zagi zan ji. Sai na ga sifanar ta faɗi daga hannunsa.

"Ɗagawa zai yi?"

"To da ya zai canza shi, da addu'a?"

"Rufe ƙofa, Hiyam."

Na rufe. Ya yi ta murza gemu, ya dubi silin, ya dube ni, sannan ya faɗa. Bazarar farko bayan rabuwar, yana kwance yana jin famfon sama yana tari, iska kawai yake fitarwa, ga yara ƙanana a gidan. Da Tahsin ya tafi biki garin Karak, sai ya hau ya haɗa siririn bututu daga gindin tankinmu zuwa gindin nasu, ta bayan tankunan, jikin bango, ya jera bulo ya shafe da siminti. Tun daga ranar duk abin da injinmu ya tura sama, rabawa ake yi.

"Famfo yana tari a saman kaina, ki ce in yi barci? Ba don shi na yi ba, don bututun na yi. Bututu idan ya bushe tsatsa yake yi."

Ashe nan ruwana yake tafiya, ni ina yawo da bokiti ana mini dariya! Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai wani abu ya faɗo mini, na zauna a ƙasa.

"Yaya, rantsuwar fa?"

"Wace rantsuwa?"

"Ta bakin rami. Ba ka ji ba?"

"Da injin nan a hannuna ko kiran sallah ba na ji. Na ga dai bakinsa yana motsi. Me ya ce?"

Na gaya masa kalma da kalma. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ce innalillahi, ya sake cewa, ya kama bango zai miƙe, ƙafar ta mayar da shi.

"Na kashe auren Widad? Ni? Matar da ta wanke gawar matata?"

"Ka tsaya mana. Ai bai sani ba yake sha. Malamai ma na ji suna cewa irin wannan rantsuwa ta fushi tana da mafita."

"Malamai! Tahsin ne zai je wajen malami ya ce a sassauta masa maganarsa? Ba ki san ɗan'uwanki ba? Yana ganin bututun nan zai ce ta haɗa kayanta, ya zauna ya mutu da baƙin ciki, amma ba zai janye ba."

Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Ya jawo akwatinsa ya zaro jar sifanarsa babba da wata toshiyar ƙarfe da zaren ɗauri, ya tura mini.

"Ke za ki hau."

"Ni? Da wannan gwiwar? Ni da ko kan tulun gas ba na iya murɗawa?"

"Ki fasa bulon da guduma, ki kwance bututun daga gindin tankinsa, ki naɗa zare a wannan ki murɗa a wurin. Ragowar ki ja ki jefa bayan tankinmu. Duk wanda ya gani zai ce ƙofar wanke tanki ce. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Maimaita."

A ranar ba hali, don Tahsin yana sama wajen tattabarunsa har magariba, kuma ɗakin kwanansa yana daidai ƙarƙashin tankunan, bugu ɗaya zai ji. Sai da safe idan ya fita ɗauko Abu Shadi. Subhi bai ci abincin yamma ba. Ya sa na yi ta gwada kwancewa da ɗaurewa a wani guntun bututu, yana ce mini hannuna kamar kullun burodi, ina ce masa da ya iya kewaye itace da duk ba mu ga wannan rana ba.

Gari na wayewa muka ji ƙofar waje ta buga. "Ya fita! Tashi, tashi!" Na kwashi kaya a cikin kwandon wanki na rufe da zani, na hau ina haki ina tsine wa wanda ya gina bene. Na kutsa bayan tankunan, kashin tattabaru ko'ina, na fasa bulon. Ga bututun nan kuwa, siriri kamar yatsa, an ɗaure shi tsaf. Na kafa sifana na ja. Ko gezau. Na sa ƙafa na danna, na kira sunan Allah, na kira na Subhi da abin da ba zan maimaita ba. Tsatsa ta riƙe shi gam. Daga can ƙasa ina jin sa yana buga bututu da cokali, wai in yi sauri.

"Dama kike ja, Hiyam. Ɗaure shi kike ƙara yi."

Na waiwaya. Widad ce tsaye da kwanon hatsin tattabaru. Na rasa ƙaryar da zan yi, na ce wai ɓera nake nema.

"Bar shi," ta ce. "Na san da shi."

"Kin san da me?"

"Tun makon da aka sa shi. Muka dawo daga Karak, Litinin ta yi, duk masu bene a layin nan sun bushe, ni famfona yana zuba. Na hau na ga ɗanyen siminti. Wa kike tsammani zai yi, aljani?"

"Kin sani, kuma kin ji rantsuwar, kika zuba ido yana sha?"

Ta ajiye kwanon a kan bulo. "Wa ya ce miki yana sha? Ke kina ganin akwai abin da ke ɓata mini ciki? Ni da na tashi da ruwan rijiyar ƙauye?"

Sai jarkokin nan shuɗɗa suka faɗo mini a rai. Na dube ta, na dubi yadda kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, abin da nake gani kullum ban taɓa tambaya ba. Kunya ta rufe ni, na ji hawaye ya taho.

"Me ya hana ki ce Subhi ya cire?"

"Da me zan yi wa yara wanka? Kuma Hiyam, duk gidan nan abin da ya rage tsakaninsu ke nan. Ban iya cewa a yanke ba. Jiya da na gaya miki maganar tanki, so nake ta kai kunnensa ya san dabarar da zai yi. Ban san ke zai turo ba."

Ba mu kai ga kama sifanar mu biyu ba muka ji muryoyi a matakala. Ashe Abu Shadi ya riga ya taho da motarsa, a bakin layi suka haɗu. Tahsin ya fito saman bene ya gan ni a durƙushe, jar sifanar da duk Jabal Jofa ta sani tana hannuna. Abu Shadi kuwa, Allah ya shirye shi, ya leƙa ya yi fito.

"Kai, kai, kai! Wannan ɗaurin zaren Abu Ra'id ne, ko a mafarki na gan shi na gane. Ashe tankinku a haɗe yake? To ai shi ya sa ba ka taɓa kiran tankar ruwa ba, Abu Murad."

Tahsin ya bi bututun da ido daga wannan tanki zuwa wancan. Ya bi shi ya dawo. Tattabaru suna ta guɗa a kansa suna jiran hatsi, bai ko san suna yi ba. Ya ja da baya daga inda Widad take, ya kawar da fuska.

"Tun yaushe?"



"Umm Murad," ya ce wa Widad, bai dube ta ba, "ki shirya. Zan kira Murad ya zo ya ɗauke ki."

"Ba inda za ni," in ji Widad. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. "Maƙogwaro ka ce. Ni na ji da kunnena, ni aka rantse da aurena, ni kuma na tsare shi tunda kai ba ka tsare ba. Shayinka, gahawarka, miyarka, ruwan da nake wanke maka tumatir, duk na jarka ne. Butar alwalarka ma daban take don kurkure baki. Ƙanƙarar da kake sawa a ruwa da azumi ta jarka ce. Ɗigo ɗaya na ɗan'uwanka bai wuce wuyanka ba, in rantse maka da Alƙur'ani idan kana so."

"Wanka fa?" in ji Tahsin.

"Wanka da baki a buɗe kake yi? To wannan kai ka sani."

Abu Shadi ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Tahsin ya sake duban bututun. Sannan ya juya ya sauka, muka ji ya shiga gidansa. Ni dai ban san waya ya je ɗauka ba ko me. Muka biyo shi.

Sai ga shi ya fito da jarka cike a kafaɗa. Ya nufi ƙasa, yana dafa bango, jarkar tana zame masa yana tarowa, ya tsaya a kwana ya huta, ya ci gaba. A gindin matakala ga Subhi zaune a ƙasa, ya jawo jiki tun daga ɗaki da ƙafarsa mai ɗori, cokali a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Tahsin ya dire jarkar a gabansa.

"Hiyam, ki dafa mana gahawa. Da wannan za ki dafa."

Ya zauna a matakala yana haki. 

"Ka kashe itacen Umma," in ji Tahsin.

"Na kashe."

"Da ka kewaye."

"Da na kewaye."

Daga sama Abu Shadi ya leƙo. "Jama'a, ruwa ya kusa zuwa fa! Bututun nan in toshe ko in mayar a sabon tanki?"

"Mayar," in ji Tahsin.

"Kada ka taɓa mini aiki!" Subhi ya daka masa. "Zarenka ba ya riƙe komai, ka jira in warke!"

Tahsin ya jingina da bango. Yana ta murza kafaɗarsa, numfashinsa bai dawo daidai ba har lokacin. Ya dubi jarkar ya ce, kamar mai magana da kansa:

"Wannan abu haka yake da nauyi?"

Widad tana tsaye a kwanar matakala. Ta ce, "Ai saukowa ka yi da shi, Abu Murad."

Ya ɗaga kai ya bi matakalar da ido tun daga ƙasa har ƙofar gidansa, sannan ya dubi kafaɗar matarsa, ya sa hannu ya rufe fuska. Ni kuwa na ja jarkar zuwa kicin, da kyar na iya karkata ta.